Matar Da Ta San Mu Ta Ƙeya

Ƙarfe shida da kwata na safe take shigowa lambun shaƙatawa na unguwarmu, ta ƙaramar ƙofar da ke kusa da famfo. Kyamara na rataye a wuyanta, jakar yadi a kafaɗa, ƙafarta cikin takalmin roba da ya sha ɗinki. Ba ta gaisuwar baki, kai kawai take ɗaga wa mutum. Takan fara da furannin bakin ƙofa, ta durƙusa ta ɗauke su tun raɓa ba ta bushe ba. Ta wuce wajen mai ban ruwa ta ɗauki shukar da ya dasa jiya, ta bi jikin doguwar katangar da masu zane ke yi wa ado, ta leƙa filin da 'yan motsa jiki ke tsalle-tsallensu. Daga nan sai ta je gindin wata tsohuwar bishiya da ke kwanar hanyar masu tattaki, ta tsaya. Wuri ɗaya take tsayawa, har ciyawa ta daina fitowa a gurbin ƙafafunta. A nan take jiran mu wuce. Sai ka ba ta baya, ka yi taku uku ko huɗu, sannan ka ji ƙit a bayanka.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye shi. Na san babu mai shirya mata taron ban kwana, don rabin masu zuwa lambun nan murna suke yi za ta tafi. Shi ya sa na ce bari ni in yi magana, tunda ni ce na taɓa zaginta a gaban jama'a.

Ofishin da ke kula da lambun ne ya ɗauke ta tun da ƙuruciyarta, don ta riƙa ɗaukar hotunan shuke-shuke da zane-zane da masu zuwa motsa jiki, a liƙa wasu a allon sanarwa, sauran a adana. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata: kada ta ɗauki fuskar kowa sai da izininsa. Ita kuwa magana ma wahala take ba ta, balle ta tsaya roƙon mutane ɗaya bayan ɗaya. Sai ta hutar da kanta, ta koma ɗaukarmu ta baya. Daga nan aka laƙaba mata Mai Ƙeya. A gaban idonta dai Gwaggo muke ce mata, mu da ba mu kai ta shekaru ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allon nan shi kaɗai da sassafe ya san abin da nake nufi. Mutane ne jere a bayan gilashi, kowa ya juya maka baya, kowa ya nufi wani wuri, babu mai waiwayowa. Wasu hotunan har sun yi ja don tsufa. Kana cikin kallo sai ka gane wuyan wani da aka binne shekara goma da suka wuce, ga shi nan yana tattakinsa, hannu a baya, bai gaji ba. Ni kam ko da rana tsaka ba na son bi ta wajen, tsigar jikina tashi take yi.

Amma ba allon ne ya sa ake tsoronta ba. Jefi-jefi, sau ɗaya a shekara biyu ko uku, takan bar gindin bishiyar nan, ta zagayo ta sha gaban mutum, ta ce, "Tsaya in ɗauke ka ta gaba." Na farko da nake iya tunawa shi ne Mai Usur, tsohon malamin makaranta da ke ƙirga wa 'yan motsa jiki. Ya yi dariya, ya gyara hula, ya ƙame. Sati biyar tsakani aka kai shi makwancinsa. Sai wata dattijuwa mai yawo da jar lema, ko babu ruwa babu rana. Ita wata biyu ta yi. Mai ban ruwa, wanda magana ba ta kwana a cikinsa, shi ke ƙirga su. "Goma sha ɗaya," in ji shi, yana karkaɗa tiyo. "Da idona na gani. Ni ranar da ta zagayo gabana, wallahi katanga zan haura." Aka ce kyamarar ce ke da abu a ciki. Aka ce a'a, ita ce da kanta. Wasu suka sauya hanya don kada su bi ta gabanta, wasu sukan wuce da sauri suna motsa baki. Ni ma na sa nawa bakin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Mahaifina tsohon direban motar haya ne. Tun da mahaifiyarmu ta rasu ya dawo gidana da zama, kuma babu abin da ke hana shi tattakin safe. Zagaye shida kullum, ya dawo yana cika baki wai ya fi mijina ƙarfi. Ni a kemis nake aiki, da wuri nake fita, don haka ranar Asabar kawai nake raka shi. Uwata yake ce mini, kuma a lokacin ina ji da kaina cewa babu wanda ya san lafiyar tsohon nan kamar ni.

Wata Asabar, shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce, gari ya waye da hadari, iska ta tsaya cik. Muna zagaye na uku sai na hango gindin bishiyar babu kowa. Kafin in gane abin da ke faruwa, ga ta tsaye a tsakiyar hanya, a gabanmu. 'Yan motsa jiki suka daina ƙirga. Mai ban ruwa ya saki tiyo, ruwa yana ta malala a kan hanya, babu wanda ya kula.

Ta ce, "Direba, yau kam ka bari in ɗauke ka ta gaba."

Baba ya yi 'yar dariya, ya shafa gemu. "Haba mai hoto, da wannan fuskar? Ko wanka ban yi ba."

Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba. Na ce mata idan ta kuskura ta ɗaga kyamarar nan sai na rotsa ta da ƙasa. Na ce ta je can ta nemi wanda za ta ci, ba dai ubana ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su a nan ba, don 'ya'yana na iya karantawa. Ta tsaya tana kallona, ko gira ba ta ɗaga ba, har na yi shiru don kaina.

"Ke ce babbar 'yarsa, mai sayar da magani?"

Na ce ni ce, sai aka yi yaya?

"Ki kai shi gida. In kin huce, ki same ni a ɗakina, bayan sito."

Ban huce ba, amma na je. Da hantsi na koma, da niyyar in ƙarasa abin da na fara. Ɗakin nata tsohon ma'ajin kayan lambu ne, har yau yana warin taki. Taga ɗaya ce, ƙarama. Igiyoyi sun ratsa daga bango zuwa bango, hotuna rataye a jikinsu kamar shanya, duk ƙeyoyin mutane, suna ɗan juyawa a hankali ko da yake ban ji iska ba. A ƙasa kwalaye ne jere, kowanne da rubutu a gefe: Mai Usur, Mai Jar Lema, Dogo Mai Tari, Direba. A kan na ƙarshen idona ya tsaya.

Ta jawo kwalin, ta share tebur, ta fara jera hotunan Baba, ɗaya na kowane sati, tun daga bara. Duk daga gindin bishiyar nan aka ɗauke su, duk bayansa ne. Sai da ta cika tebur, sannan ta ɗora yatsa a kan na farko.

"Dubi ƙafarsa."

Takalmi ne sau ciki, ya ɗaure igiyarsa tsaf. Ta ja yatsa zuwa gaba, igiyar ta sassauta. Gaba kaɗan, babu igiyar ma sam. Can wajen ƙarshe ya take bayan takalmin, dunduniya a waje, idon sawun ya cika har ya ɓace. Ta nuna mini kafaɗunsa, yadda suke ƙara ɗagawa sama sati bayan sati kamar na mai ɗauke da buhu. Ta nuna mini hannunsa na dama, da farko yana lilo, daga baya yana dafe da shingen hanya.

Na ce, "Amma ai zagaye shida yake yi."

"Wannan da ne. Yanzu biyu yake yi, ya zauna a bencin da ke bayan furanni har lokacin komawarsa ya yi, don kada ku gane. Shida sai ranar Asabar, da kike tare da shi." Ta zaro wasu hotuna daga ƙasan kwalin ta baje su. Hanyar ce da inuwar bishiya, babu kowa a ciki. "Waɗannan Lahadi ne. Lokacin wucewarsa ya yi, bai zo ba. Sha tara a jere. Asabar ɗin taki ce ke kwantar da shi."

Ni ce nake kai masa shayi ranar Lahadi, in same shi a kwance, ya ce hutawa yake yi, in ce ya kyauta. Na zauna a kan buhun taki ba tare da an ce in zauna ba.

Ta ce sau uku tana tare shi ta ce ya je asibiti. Sau uku yana mai da maganar wasa, a na ukun ya sa ta yi alkawarin ba za ta gaya mini ba, wai ina da yara ga aiki, kada a ƙara mini kaya. "Haka nake yi wa kowa," in ji ta. "In na ga abu, in faɗa wa mutum a keɓe. Wanda ya ji ya tafi asibiti, babu wanda ya san mun yi magana. Wanda ya ƙi har sau uku, sai in roƙe shi hoton gaba, don 'ya'yansa su sami fuskar da za su riƙe. Ba ni nake kiran mutuwa ba, 'yata. Ita a bayan mutum take tafe, ni kuma a baya nake tsaye, shi ya sa nake riga ku ganinta."

Na ce to me ya sa ta tare shi a gabana, bayan ta san abin da mutane za su ce?

"Don na ga halinki, na san za ki biyo ni. Alkawarin kuwa yau na karya shi. Gara ya yi fushi da ni yana raye."

Na sami Baba a falo yana sauraron rediyo. Na durƙusa na kama ƙafarsa, na danna yatsa a idon sawu. Da na ɗaga, ramin yatsan ya zauna, ya ƙi cikewa. Muka tsaya mu biyu muna kallonsa.

"Uwata, wane irin wasa ne wannan?"

"Baba, tashi mu tafi asibiti."

"Mai hoton nan ce ko? Ashe ba ta da amana."

Ya ce babu inda za shi. Ya ce uwarku da ƙafarta ta shiga asibiti, a kwance aka fito da ita. Tun rasuwarta bai taɓa faɗin haka ba sai ranar. Na ce to shi ke nan, na zauna dirshan a gabansa, na ce ni ma babu inda za ni, ba aiki ba girki, sai dai mu zauna mu yi ta kallon ƙafar nan har ta yi magana. Ya san ni, shi ya haife ni. Rana na karkatawa ya ce in miƙo masa hularsa.

Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki har ya fara hawa ƙirji. Ya ce da mun ƙara 'yan makonni, da wata maganar ake yi. Da ya rubuta magani na karɓa na duba, kunya ta rufe ni. Ƙwayoyin da nake miƙa wa iyayen wasu ne kullum, daga kantar da ke bayana. Shekara guda ubana yana kumbura a cikin gidana, ni ina kallon fuskarsa, shi kuma yana yi mini murmushi.

Sati uku ya yi a kwance, ya fito da ƙafarsa. Ya koma lambu, zagaye biyu na gaskiya, ba na ɓoyewa a benci ba. Ya ga autata ta fara tafiya, ya ga ta fara magana, har yanzu ita ce ke sace masa hula. Wata guda ya yi ba ya kallon inda Gwaggo take, daga baya ya dawo yana ɗaga mata hannu ta baya in ya wuce. Ni kuwa na je ba ta haƙuri, na shirya jawabi tun daga gida. Na same ta a durƙushe tana ɗaukar wani ganye da tsutsa ta ci. Na fara, "Gwaggo, don Allah…" Ta ce, "Matsa, kin tare mini haske." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma na gane an yafe mini.

Da na fara ba da labarin nan a lambu, sai ga mutane suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Mai zanen da ya yi tsuntsayen jikin katanga ya ce ta taɓa jera masa hotunan zanensa na shekara biyu, ta nuna masa yadda shuɗinsa ke komawa toka-toka, layukansa suna kaucewa. Ashe yanar ido ce ke rufe masa gani, aka yi masa aiki, ga shi yana kan tsani har yau. Wata mata cikin 'yan motsa jiki ta ce ita hannunta ɗaya ne ya daina kai ɗaya in an ce a ɗaga, ita ba ta ma lura ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mai ban ruwa. Ya kira ni bayan famfo, ya sauke wuyan riga ya nuna mini tabo a ƙeyarsa, ya ce shekara biyar ke nan da ta ce ya je a duba masa wani ƙulli, aka cire. Na ce, "Kai da ka san gaskiya, kai ne kuma mai ƙirga mata gawa?" Ya sosa kai ya ce, "To ai tsoron nata ne bai fita ba."

Gwaggo, ke ce aka ɗauka don ki ɗauki hoton furanni, kika wuce abin da aka sa ki. Ke ce mai tsayuwa wuri ɗaya, ruwa ya dake ki, rana ta dake ki, don kawai hoton yau ya yi daidai da na jiya. Ke ce aka kira mayya shekara da shekaru, kina da kwalaye cike da abin da zai wanke ki, kika ƙi buɗewa don asirin mutane ne a ciki. An ƙirga miki goma sha ɗaya da suka ƙi ji, babu wanda ya ƙirga waɗanda suka ji, ke kuma ba ki taɓa cewa a ƙirga ba. Har yau in na shiga ɗakin nan naki gabana faɗuwa yake yi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma yanzu na san ba ke nake tsoro ba.

Tun da Baba ya fito daga asibiti na sauya lokacin aikina, kullum tare muke fita. Ba na jerawa da shi, nakan bar shi ya yi gaba da taku biyar, kamar yadda ta koya mini. Shi ya sa ba sai an gaya mini ba. Wata biyu ke nan kafaɗun nan sun soma hawa, hannun nan ya koma neman shinge. Likita ya sauya magani sau biyu, a zuwanmu na ƙarshe kuma ya biyo ni waje, ya yi mini magana ƙasa-ƙasa.

Ranar Talatar da ta wuce muka zo wucewa ta gaban bishiyar. Baba ya yi takunsa uku, maimakon ya ci gaba sai ya tsaya. Ya juyo a hankali, ya fuskance ta, ya saki shingen, ya miƙe tsaye sosai. Lambun ya yi tsit, har ina jin ɗigar famfo daga bakin ƙofa.

Ba ta ɗaga kyamarar ba. Ta ce, "Direba, ban roƙe ka ba."

Ya ce, "Na sani, ni nake roƙonki. An ce ƙarshen wata za ki tafi, ni kuma ba na son wani ya ɗauke ni."

Ta kalle ni. Shekara biyu da suka wuce a wannan wurin na rantse zan fasa mata kyamara. Na gyaɗa mata kai. Ta ɗaga kyamarar. Ta sauke, ta goge ido da bakin mayafi, ta sake ɗagawa. Baba ya ce, "Yi sauri mai hoto, murmushin nan tsada gare shi." Muka ji ƙit.

Gwaggo, na gode. Na gode da shekara biyu da wata huɗu da ba don ke ba da ba mu same su ba. Na gode da wannan karon ma da ba a ɓoye mini komai ba, ina gani, ina kusa, ban yi sakaci da ko safiya ɗaya ba. Allah ya huta gajiyarki, ya ba ki wanda zai tsaya a bayanki yadda kika tsaya a namu.

Ku kuma masu karatu, in ta tafi babu wanda ofis zai kawo, sun ce yanzu kowa na da waya a aljihu. To ku yi amfani da ita. Wanda ke da tsoho a gida, ya bar shi ya yi gaba kaɗan, ya dubi ƙafarsa da kafaɗarsa, ya ɗauka yau, ya ɗauka sati mai zuwa, ya jera ya duba. In kun ga abu ku faɗa, ko da za a zage ku.

Ina wannan rubutu Baba yana falo, ina jin tarinsa, autata tana yi masa surutu. Ɗazu ya aiko ta ta gaya mini kada in makara gobe, ya ce yana ganin zai iya zagaye ɗaya.